Jagoran da na biya don yaƙin dare a Dungeons & Dragons

Masu buga Dungeons & Dragons (wasan labari ne da kowane ɗan wasa yake riƙe da jarumi ɗaya, jagora kuma yana tafiyar da labarin da dodanninsa) ta intanet sun san irin jagororin nan da ake biya a kowane zama, sun kuma san abin da suke karɓa, saboda haka ba sai na tsaya a kan farashi ba. Wanda ƙungiyarmu ta ɗauka ya tallata kansa ne a matsayin gwanin yaƙin dare, ya kuma rubuta ɓaro-ɓaro cewa da ƙa'idojin bugu na biyar na shekarar 2014 yake aiki. Wannan ne ya ja hankalina, domin na gaji da teburan da jagora zai ce dare ya yi, rabin 'yan wasa su amsa cewa suna gani a duhu, daga nan kuma a ci gaba da wasa tamkar rana tsaka.

Tun a daren farko na labarin ya nuna cewa shi ba haka yake tafiyar da abin ba. Mu huɗu ne muka yada zango a cikin daji: elf maharbi da wada mai sulke, jinsunan almara biyu masu gani a duhu, sai mutane biyu, wato mayaƙina da wani mai sihiri. Elf ɗin ne ya karɓi gadi, tunda hutun sa'a huɗu ya ishe shi. Jagoran ya mayar da taswirarsa launin toka, ya taƙaita ganinsa ga ƙafa 60, sannan ya rage maki biyar daga makin lurarsa, wato ma'aunin yadda yake ankara da abin da ke ɓoye, daga 14 zuwa 9. Ɗan wasan ya yi ƙorafi, jagoran kuwa ya tuna masa cikin natsuwa cewa baiwar gani a duhu tana mayar da baƙin duhu ya zama dishi-dishi ne kawai, kuma wanda yake leƙe a dishi-dishi yana da naƙasu, wato idan ana jifa sai a jefa ɗan ludo sau biyu a ɗauki mafi ƙanƙanta, a makin lura kuma ragin maki biyar ne. Gobilin kuwa, ƙananan dodannin da suka yi mana kwanton ɓauna, suna da ƙarin maki shida wajen saɗaɗe, don haka ba wanda ya san da zuwansu sai da kibiyar farko ta sauka.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa na zauna rubuta wannan sharhi. Mai sihirinmu, da yake ba ya gani ko kaɗan, ya sa sihirin haske a kan sandarsa, wanda yake haskaka ƙafa 20 sosai, ya ƙara wasu 20 dishi-dishi. Su kuwa gobilin sun tsaya ne a ƙafa 80, daidai iyakar da ƙaramin baka yake kaiwa ba tare da naƙasu ba. Haskenmu bai kai gare su ba, idon elf da na wada ma bai kai ba. Nasu idon ma ƙafa 60 ne iyakarsa, amma ba su bukace shi ba, domin mu da kanmu muka tsaya a tsakiyar haske, kuma wanda yake cikin haske ana hango shi daga nesa. Tunda ba ma ganinsu, kowane harbi jagoran yana jefa ɗan ludo mai fuska 20 sau biyu ya ɗauki mafi girma. Da sun saki kibiya sai su gusa, su sake ɓuya a cikin juyi guda, abin da ƙa'ida ta yarje wa gobilin. Mu kuwa sai dai mu nuna wani gida a taswira mu yi harbi bisa zato.

Ban taɓa jin tsoron gobilin ba sai a wannan dare, halittar da makin ranta bakwai ne kacal. Jagoran bai ba mu mafita ba, bai kuma hana mu samun ta ba. Mai sihirin ne ya tuna cewa idan ya sake yin sihirin, hasken farko mutuwa yake yi. Ya sa shi a kan dutse, wada ya wurga dutsen cikin itatuwa, nan take zangonmu ya koma duhu, maharban suka bayyana. Daga ƙafa 80 sun daina ganinmu, alhali dogon bakan elf yana kai ƙafa 150 lafiya lau. Jagoran ya yi dariya ya ce, «Madalla, yanzu ku ne masu kwanton ɓauna.» Da a nan aka tsaya, da na ce kuɗina ya biya har da riba, kuma na riga na fara tallata shi ga abokai.

Sai dai zama na gaba ya rage mini zumuɗi ƙwarai. Mu ne muka shirya faɗa wa sansanin hobgobilin, manyan 'yan uwan gobilin, da dare, ba wuta ba wata. Makin lurar mai gadinsu 10 ne, kuma bisa ma'aunin da aka auna elf ɗinmu da shi, kamata ya yi ya koma 5. Wada ya samu 8 a saɗaɗe, wanda ya haura 5 amma bai kai 10 ba, sai jagoran ya ce an gano shi, wai ƙarar sulke mai gadin ya ji, ba gani ya yi ba. Hujjar tana da makama, domin naƙasun ya shafi abin da aka dogara da ido ne kawai, kuma sulke mai nauyi yana da ƙara. Amma elf ɗinmu ma yana da kunne a daren da aka far mana, kuma ba wanda ya tambayi abin da ya ji.

Wannan ma da sauƙi a kan abin da ya yi da ƙa'idar mamaya. A bugun 2014, wanda aka mamaya ba ya motsi kuma ba ya aikata komai a juyinsa na farko, kuma haka ya yi wa mai gadinmu. Da aka zo kan hobgobilin ɗin da suke cikin tanti, waɗanda shi da bakinsa ya yarda ba su ankara ba, sai ya ɗauko ƙa'idar 2024, wadda naƙasu kawai take sa wa a jifan da ake tsara wanda zai fara motsi. Biyu daga cikinsu suka riga mu motsi, shirin da muka ɓata rabin zama muna ƙullawa ya watse. Da na yi magana, cewa ya yi sabuwar ƙa'idar ta fi adalci, in bari sai an tashi mu tattauna. Mai yiwuwa ta fi ɗin, amma ba ita ya sayar mana ba, kuma adalcin bai tuno shi ba sai ranar da tsohuwar za ta amfane mu. An tashi kafin lokacin da muka biya ya cika, saƙon da na aika masa kuma har yanzu ba amsa.

Sauran 'yan ƙungiyar suna so a ci gaba da shi, kuma ban ga laifinsu ba, domin wajen jera maharba a duhu da auna tazara ban ga kamarsa ba. Ni dai na gaya musu ba zan sake biya ba sai ya rubuto mana, kafin a zauna, bugun da zai bi a kan mamaya, da kuma ko ragin maki biyar ɗin nan ya hau kan dodanninsa kamar yadda ya hau kanmu.