Ƙanina, ga amsar maganar injin walda

Assalamu alaikum. Saƙonka ya iso ni tun makon jiya, cewa in aiko maka da injin walda daga nan Ingila don ka riƙa gyaran ƙofofi da tagogin gida da kanka. Wallahi na ji daɗi. Abin da ya hana ni amsawa da wuri shi ne hoton da ka turo: injin MIG ne, wato mai aiki da waya da gas maimakon sanda, kuma ba shi ya dace da kai ba.

Ni ma sai da na zo Shefild na fara riƙe sandar walda. Garin maƙera ne, a nan Harry Brearley ya gano ƙarfen da ba ya tsatsa a 1913, amma duk da haka mai walda tsada gare shi kamar likita. Ƙofar bayan gidana ce ta ɓalle, kuɗin da aka yanka mini ya kai na sayen ƙaramin inji sabo. A Dilimi ta Jos kuwa, kana tsaye za a ɗinke maka ita kafin shayinka ya huce. Shi ya sa na shiga ajin yamma a wata kwaleji, sau ɗaya a mako.

Daren farko sanda ta yi ta manne mini a jikin ƙarfe, ina fizga tana ƙi. Malamin ya kama hannuna, ya nuna mini yadda ake ƙyasta ta kamar ashana, sannan a ɗaga kaɗan. Sai a mako na huɗu na ja layi ɗaya miƙaƙƙe. Na ƙwanƙwasa ɓawon da ya rufe ɗinkin da guduma ya faɗi gaba ɗaya, ɗinkin ya fito yana ƙyalli kamar kitso. A lokacin na tuna yaran Titin Bauchi da ke yin irinsa a tsugune, da tiransifomar da aka naɗa da hannu, ba teburi ba komai. Tun daga ranar nake ganin girmansu.

To, me ya sa ba MIG ba? Shi da waya yake aiki, da tukunyar gas mai kare ɗinkin daga iska. A cikin rufaffen gareji irin na nan, daɗin aiki gare shi, kuma ya fi saurin koyo. Amma kai a tsakar gida za ka yi aiki, kuma ka san iskar hunturun Jos. Tana kaɗawa za ta kwashe gas ɗin, ɗinki ya fito da huji-huji. Ga neman gas, ga waya, ga ƙananan kayan bakinsa da ke ƙonewa. Injin sanda kuwa bai damu da iska ba, yana haƙuri da ɗan tsatsa, kuma sandar 6013 ba inda ba ka samunta, daga Dilimi har Bukuru. Nemi ƙaramin injin sanda na zamani, wanda ake kira imbata, mai amp 140 zuwa 160, nauyinsa bai wuce kilo 5 ko 6 ba. Da sanda mai kaurin milimita 2.5 a kan amp 80 ko kusa da haka, ka gama da ƙarafan taga da ƙafar tankin ruwa. Ka duba takardarsa ka ga minti nawa cikin goma yake iya aiki kafin ya nemi hutu. Manyan lambobin jikin kwali ba abin dogaro ba ne.

Wutar lantarkin nan Ingila da ta gida ɗaya ce, bolt 230, har filogin mai baki uku. Kada ka karɓi injin Amurka sai ka tabbatar, don da yawansu na bolt 120 ne. Ƙaramin janaretonka ma ba zai ɗauke shi ba, sai mai kVA 5 ko sama.

Inda suka fi mu a nan shi ne bayan ciniki. Dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da kaya mai aibi ya karɓi kuɗinsa, ga garanti a rubuce. Sai dai garantin ba zai bi inji har Jos ba, kuma irin injunan nan, yawancinsu ƙirar Sin, suna nan a kasuwa kusa da kai. Saboda haka zan turo kuɗi, ka tafi da mai walda ku saya, a gwada a gabanka.

Abin da zan aiko da hannuna shi ne hula mai duhunta gilashinta da kanta da zarar wuta ta kama, da safar hannu ta fata. A nan ba a barin ɗalibi ya taɓa inji babu su. Raina yana ɓaci in na tuna masu walda a gida da baƙin tabarau na kasuwa, ko su runtse ido su juya fuska, da dare kuma ido ya yi ja kamar an zuba yashi. Don Allah kada ka fara babu hular nan. In za ka ɗinka fayif mai farin shafe, ka goge shafen tukuna, ka kuma kauce wa hayaƙinsa, yana sa zazzaɓi. Yara su yi nisa, su ma hasken yana cin idonsu.

Kafin kayan su iso, ka je wurin maƙwabcinmu mai walda, ka gaishe shi da ladabi, ka roƙe shi zama a shagonsa duk Asabar. Ka leƙa ofishin ITF, hukumar gwamnati mai horar da sana'o'i, da ke Titin Miango ka tambayi horon da suke bayarwa. Ƙofar ɗakin Inna ce za ta zama aikinka na farko, ka turo mini hoton ɗinkin kafin ka shafa fenti. Ka gaishe ta da Baba.