Jamus ta mai da ni makaniken dole

Yaya, ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya. Ka tambaye ni ko gaskiya ne mota ba ta lalacewa a nan. Tana lalacewa mana, ai ƙarfe ne. Bayan ta lalace ne labarin ke bambanta da na gida, kuma shi ya sa ƙanin nan naka da ko taya bai taɓa kwancewa ba yanzu yake yawo da akwatin sifanu a but.

Kayan gyara dai ba a shan wahalarsu. A takardar mota akwai lambobi biyu, ɗaya ta kamfanin da ya ƙera ta, ɗaya ta samfurin. Ka rubuta su a intanet, a jero maka abin da ya dace da motarka, bayan kwana biyu ko uku a kawo har ƙofa. Ba sai ka tsaya kana jujjuya kwali kana sa mai shago ya rantse maka cewa orijina ne ba. In kuma bai yi ba, doka ta ba ka kwana 14 ka mayar. A wannan fannin sun fi mu, ba gardama.

Hannu ne ke da tsada. Gareji awa yake ƙirga maka, sau da yawa ladan aiki ya ninka kuɗin abin da aka sa. Kuma ba ka faɗa musu haka kawai, sai ka nemi rana an ba ka, wani lokaci mako biyu gaba. Sannan su canji suka sani. Abin da makanikenmu zai kwance ya wanke da fetur ya sa giris ya mayar, su cire shi za su yi ɗungurungum su sa sabo. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki, sai na ce bari in koya.

To, a ina? Nan ne gizo ke saƙa. Ina hawa na uku, motata a bakin titi take kwana. Ƙananan abubuwa irin su ƙwan fitila, waifa, batir ko sauya taya, ba mai ce maka uffan. Amma juyen baƙin mai a titi, kada ma ka fara: in ya ɗiga ƙasa ko ya bi magudanar ruwa, laifi ne mai tara. A garuruwa da yawa ko wankin mota a bakin titi an hana.

Ranar wata Asabar a watan Nuwamba na ce zan canza takalman birkin gaba. Na kalli bidiyon aikin har sau uku, mai yi ya gama cikin minti 20. Na sassauta notocin taya tun tana ƙasa, na ɗaga da jak, na tokare da ƙafafun ƙarfe biyu da na saya musamman, don jak ɗin da ke zuwa da mota na canza taya ne kawai, ba a sa jiki ƙarƙashin motar da shi kaɗai ke riƙe da ita. Tayar da na cire ma na tura ta ƙarƙashi, ko da tsautsayi. Duk lafiya, sai da na kai ga notin da ke riƙe da gidan birki. Abin da bidiyo bai gaya mini ba shi ne gishirin da ake watsawa a tituna lokacin ƙanƙara yana cin ƙasan mota, tsatsa ta haɗe noti da mazauninsa kamar walda. Na ja, na ƙara ja, sifana ta zame, kan notin ya side ya zama kamar kwabo. Yatsuna sun ƙage don sanyi, ga duhu tun kafin ƙarfe biyar, ga shaguna ba sa buɗewa ranar Lahadi.

Wani dattijo maƙwabcina, da na ɗauka ƙarata zai kai don ya daɗe yana leƙe ta taga, sai ga shi ya sauko da gwangwanin man fesawa mai narkar da tsatsa da soket mai kusurwa shida. Ya fesa, ya ce in jira, ya ɗan bubbuga da guduma, noti ya saki. Shi ya nuna mini yadda ake tura fistin baya a hankali da matsi kafin sabon takalmi ya shiga. Da na gama ina ɗokin tayar da mota, ya riƙe ƙofa ya ce in taka birki sau da yawa tukuna har ya yi tauri. Takun farko, Yaya, ƙafata har ƙasa ta tafi. Da na hau titi a haka, da wani labarin kake ji.

Shi ne kuma ya gaya mini akwai garejin haya. Kana biyan kuɗin awa, a ba ka injin ɗaga mota da kayan aiki, ga duron zuba tsohon mai, ga ƙwararre a kusa in ka maƙale. Can nake juye yanzu. Ko ba can ba, duk shagon da ya sayar maka da baƙin mai dole ya karɓi tsohon daidai adadin da ka saya, in ka riƙe rasiti. Batir ma sai ka bar kuɗin ajiya in ba ka kawo tsohon ba.

Na kuma sayi 'yar na'urar nan da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, mai haƙora 16. Motocin fetur na Turai tun 2001 suna da gurbinta. Wayata ke karanta mini abin da ya sa fitilar inji ta kunnu. Ana iya goge fitilar, amma ciwon na nan, kwana kaɗan za ta dawo.

Kada ka ce ko dabarar waya da roba za ta yi a nan. Duk shekara biyu sai mota ta je binciken da kowa ke kira TÜV, ko da wani kamfanin bincike daban, irin su DEKRA, ne ya yi maka. Sabuwar mota sai ta shekara uku kafin na farko. Su ɗaga ta, su bi ƙasanta da tocila, su gwada birki a kan na'ura, su duba zanen taya kada ya gaza milimita 1.6. In ka faɗi, wata ɗaya gare ka ka gyara ka dawo. Tawa ta wuce, da birkin da na sa da hannuna, har na ɗauki hoton tambarin da suka liƙa a lambar baya.

Bel ɗin inji da kuloci dai ban taɓa su, na 'yan gareji ne. Cikin Afrilu zan cire tayoyin sanyi in mayar da na bazara, dattijon ya ce zai ara mini sifanarsa mai auna ƙarfin ɗauri. Ka gaida makanikenmu, ka ce masa yanzu na san dalilin da ya sa yake fesa wa noti mai ya tafi salla kafin ya taɓa shi.