Yinin da muka yi a Europa-Park, ni da iyalina

Ƙanena ne ya dage. Shekararsa shida a Freiburg, a kudu maso yammacin Jamus, kuma tun ranar da muka sauka a gidansa cikin watan Agustan 2025 yake ta nanata min, "Yaya, ba za ku koma Kano ba sai yaran nan sun je Europa-Park." Wani babban dandalin lilo da wasanni ne. Da ya faɗa min kuɗin shiga sai na yi turus. Sama da Yuro 60 ga babba ɗaya, na yara kuma bai gaza haka da yawa ba. Mu huɗu ne, ni da uwargida da 'yarmu mai shekara 12 da autanmu mai shekara 7, ga shi shi cikon na biyar. A raina na ce duk wannan kuɗin a kan lilo? Abin da na sani shi ne lilon da ake kai yara gidan zu ranar yawon Sallah, a juya su sau biyar a sauke su. Na yarda ne don kada in gwale shi a gaban 'ya'yana.

Mun fita da sassafe. Daga Freiburg jirgin ƙasa ya kai mu tashar Ringsheim cikin kamar rabin awa, daga nan bas ta kwashe mu zuwa Rust, wani ɗan ƙauye da ke dab da kogin Rhine, wanda ya raba Jamus da Faransa. A cikin jirgi ƙanena ya ba ni labarin masu wurin, kuma labarin ne ya fara sauya min tunani. Gidan Mack ake ce musu. Tun 1780 kakanninsu ke ƙera kekunan doki da amalanke a garin Waldkirch, can kusa da Freiburg. Daga baya suka koma ƙera kayan lilo suna sayar wa masu yawon nuna wasa gari-gari. A 1975 Franz Mack da ɗansa Roland suka buɗe wannan dandali, wani ɓangare na dalilin shi ne masu saye su zo su ga kayansu suna aiki. Wato dai gidan maƙera ne da suka gaji sana'a kaka da kakanni, har yau kuma wurin yana hannun zuriyarsu. Shekarar da muka je ta zo daidai da cikarsa shekara 50. Ni ina ganin girman mutumin da ya riƙe sana'ar gidansu, don haka na shiga ƙofar da wani ido daban.

An raba filin ne unguwa-unguwa, kowace da sunan wata ƙasa ta Turai: Jamus, Italiya, Faransa, Suwizalan, Girka, Holan, Sifaniya, Fotugal, Rasha, har da Kuroshiya da aka ƙara daga baya. Na zaci allo kawai za a kafa a rubuta sunan ƙasa. Ashe gini ne na gaske. A unguwar Suwizalan gidajen katako ne baƙaƙe da lungunan dutse, a ta Girka fararen gidaje masu shuɗin rufi, a ta Sikandinabiya har cocin katako irin na mutanen Norwe suka gina. Kiɗan da ke tashi daga lasifika yana sauyawa idan ka tsallaka daga wata unguwa zuwa wata, abincin da ake sayarwa ma haka. Uwargida, wadda tun daga gida ta ce ita ba abin da za ta hau, nan ta samu nata rabon. Furanni kawai sun ishe ta kallo.

Abu na farko da muka hau shi ne Voletarium, yana kusa da ƙofar shiga, kuma shi zan fara ba kowa shawara a kansa, musamman mai tafe da dattijo ko mai tsoro. Za ku zauna a jere a ɗaure ku, fitilu su mutu, sai kujerun su turo gaba ƙafafunku na reto a gaban wani makeken allo mai siffar ƙwarya. Daga nan sai ka ga kana shawagi a kan duwatsun ƙanƙara na Suwizalan, da birnin Venice mai titunan ruwa, da gaɓar tekun Norwe. Iska tana bugun fuskarka, wani wurin har da feshin ruwa da ƙamshi. Ba faɗuwa, ba jijjiga. Uwargida ta yarda ta shiga wannan, da muka fito ta ce, "Abban yara, da Hajiya na nan da ita ma ta hau." Gaskiya ta faɗa.

Sai Silver Star. Tun daga tashar bas ake hango shi, wani layin dogo mai ruwan azurfa da ya tashi sama mita 73. An buɗe shi a 2002, kuma yana cikin 'yan kaɗan da ba gidan Mack suka ƙera ba, wani kamfanin Suwizalan ne ya yi musu. Sai mai shekara 11 da tsawon santimita 140 ake bari ya hau, don haka ni da 'yata da baffanta muka shiga layi. Kafin mu zauna aka nuna min inda zan ajiye hulata da waya. Ma'aikaci ya bi kujera ɗaya bayan ɗaya yana danna ƙarfen da ke riƙe cinya, yana ja ya tabbatar ya kulle, sannan suka yi wa juna alama da hannu, sannan jirgin ya motsa. Sarƙa ce ke jan ku sama a hankali, kana jin ƙararta a ƙarƙashinka, motocin da ke filin ajiye motoci suna ƙanƙancewa, tsaunukan dajin da suke kira Schwarzwald suna bayyana daga nesa. A nan na karanta abin da ya sawwaƙa. Da muka kai ƙololuwa sai gaban jirgin ya sunkuya, muka gangaro da gudun da ya kusan kilomita 130 a awa. Abin da ban yi tsammani ba shi ne tudun da ke biye. Duk lokacin da jirgin ya haye tudu sai ka ji jikinka ya ɗaga daga kujera, nauyinka ya tafi, ƙarfen cinya kawai ke riƙe da kai. Na ji tsoro ƙwarai a gangara ta farko. Daga ta uku sai tsoron ya koma wani daɗi da ban taɓa ji ba. 'Yata ta fito tana haki tana cewa, "Abba, mu sake!" Shawara ga mata: a cusa bakin hijabi cikin riga a ɗaure shi sosai kafin a zauna, domin iskar ba ta wasa ba ce. 'Yata ta yi haka, ba ta samu matsala ba.

A unguwar Aisilan ne autana ya yi kuka. Akwai wani jirgi mai suna Blue Fire, na 2009, wanda ba sarƙa ke jan sa ba. Maganaɗisu ne a jere a kan dogon, wutar lantarki na sa su cilla shi daga tsaye zuwa kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa biyu da rabi, sannan ya kifa mutane ƙasa da sama har sau huɗu. Yaron ya ƙwallafa rai a kansa. A bakin layi aka tsayar da shi a jikin sandar awo, ana buƙatar santimita 130, shi kuwa 125 ne. Ma'aikaciyar ta durƙusa daidai tsayinsa ta yi masa magana a hankali, ta girgiza kai. Baffansa ya fassara masa. Ban roƙe ta ba, kuma har cikin raina na ji daɗin da ba ta sassauta ba. Mun saba da "ai yaro ne, a bar shi," kuma mun san abin da wannan kalmar ta sha jawowa. Wurin da ba a ɗaga ƙafa a kan santimita biyar, shi ne wurin da zan iya damƙa ɗana ga ƙarfe mai gudun mota ba tare da gabana na faɗuwa ba. A nan na gane abin da kuɗin tikitin ke saye.

Allah ya taimake mu, gefe guda akwai wani jirgin mai suna Wodan, wanda aka gina da katako zalla a 2012, tsayinsa mita 40, kuma daga santimita 120 ake hawa. Ya fi Silver Star ƙara da girgiza nesa ba kusa ba, kana wucewa ta tsakanin katakai kamar za ka buga kai. Yaron ya riƙe hannuna tun daga farko har ƙarshe, ya sauko hawayen ɗazu sun bushe, yana ba yayarsa labari kamar ba tare suka hau ba.

Batun layi, dole mai zuwa ya sani. Watan Agusta lokacin hutun makaranta ne a jihar Baden-Württemberg, inda filin yake, da kuma Faransa, wurin kuma na karɓar baƙi wajen miliyan 6 a shekara, saboda haka mun yi sama da awa guda a layin Wodan, Silver Star kuma kamar minti 40. Wanda ya zaɓi lokacin hutu ya zaɓi cunkoso. Manhajarsu ta waya tana nuna tsawon jira a kowane wuri, kuma a wasu wuraren tana ba ka lokaci kyauta ka je ka dawo ba sai ka tsaya ba. A sauke ta tun daga gida. Wanda ke da zaɓi ya je ranar aiki, a wajen lokacin hutu.

Abinci ne ya fi damuna kafin mu je, don naman alade ya yi yawa a girkin Jamusawa, giya kuma ana sayar da ita a fili. Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne ana barin mutum ya shiga da guzurinsa. Matar ƙanena ta yi mana dafa-duka da kazar da ta saya a shagon Turkawa, muka zuba a jakar goyo. Da yamma muka sayi burodi da kifi a unguwar Sikandinabiya. A riƙe kalmar "Schwein", ita ce alade, a kuma kula da alewa mai danƙo, domin sau da yawa da sinadarin jikin alade ake haɗa ta. Mun leƙa FoodLoop a unguwar Lukzambur, inda kake zaɓar abinci a allo, sai tukunya ta sulalo daga sama a kan siririn dogo har teburinka. Lemo kawai muka sha a can, don yara su ga yadda yake saukowa.

Sallah kuwa, mun tafi da ƙaramar gora a madadin buta, da sallaya mai naɗewa. A lokacin bazara azahar a can sai wajen ɗaya da rabi take yi. Akwai wata tsohuwar fada a cikin filin, Schloss Balthasar, wadda aka gina tun 1442, da lambu mai manyan itatuwa da rafin Elz na ratsawa. Can muka samu gefe mai shiru, muka haɗa azahar da la'asar tunda matafiya ne. Mutane suna wucewa, ba wanda ya tsaya kallonmu. Lambun nan shi ne inda na fi so a duk filin. Taku kaɗan daga ihun masu lilo, sai ka ji kukan tsuntsaye.

Bayan sallah muka shiga Piraten in Batavia a unguwar Holan, kwale-kwale ne da ke bi ta cikin duhu, ga mutum-mutumi suna motsi a kasuwa da tashar jiragen ruwa. Gobara ta cinye na asali a watan Mayun 2018, suka sake gina shi aka buɗe a 2020. Aikin ya yi kyau matuƙa. 'Yata ta tambaye ni ina ne Batavia, na ce mata sunan da Turawan Holan suka sa wa Jakarta ne lokacin da suke mulkin mallaka a Indonesiya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kamar yadda Ingila ta yi mana?" Na ce haka ne. Ban yi zaton a wurin lilo za mu yi wannan hirar ba, kuma na ji daɗi da muka yi ta.

Poseidon, wani jirgi da ke gangarowa ya faɗa cikin ruwa a unguwar Girka, ya jiƙa mu sharkaf. A tafi da rigar leda, ko a bar na ruwa sai rana ta take.

Shida ta yi, ƙafafuna sun yi nauyi, ban san mun yi tafiyar da ta kai haka ba, domin filin ya kai hekta 95. Akwai ɗan jirgi mai bin dogo ta sama da ke zagaya filin, da mun fara amfani da shi tun safe da mun rage wahala. Duk da haka ko rabin wurin ba mu gani ba. Voltron Nevera, sabon jirgin da aka buɗe a unguwar Kuroshiya a 2024, daga ƙasa kawai muka kalle shi yana juya mutane. Ba mu shiga ko ɗaya daga wasannin da ake nunawa a zaure ba, alhali suna cikin kuɗin tikiti. Rulantica, wurin wasan ruwa da suka buɗe a 2019, tikitinsa daban ne, ba mu ma nufe shi ba.

Kuɗi ne mai yawa, ba zan ɓoye ba, kuma ba zan ce wa kowa ya ci bashi ya je ba. Amma wanda Allah ya kai shi wannan yanki, ko Freiburg ko Strasbourg ta Faransa ko Basel ta Suwizalan, yana da yara kuma yana da hali, ina ba shi shawara ya je, ya sayi tikiti ta intanet tun kafin ranar, ya isa kafin ƙarfe tara, ya auna tsawon yaransa tun a gida. Idan da yadda zai yi, ya ware kwana biyu. Na faɗa wa ƙanena in Allah ya sake kawo mu, a watan Yuni za mu zo, kuma da Voltron za mu fara. Auta ya ce shi Blue Fire ne nasa, ya sa baffansa ya rubuta masa 130 a bayan taswirar filin, ita ce a hannunsa har barci ya ɗauke shi a cikin jirgi.