Cibiyar ba da jini a Manchester: wurin da aka kira mu da sunanmu

Duk Bahaushen da ke zaune a Ingila, lafiyarsa ƙalau, shekarunsa tsakanin 17 da 65, nauyinsa ya kai kilo 50, shawarata gare shi ita ce ya nemi cibiyar ba da gudummawar jini mafi kusa da shi. Ni wadda ke tsakiyar Manchester nake zuwa, ɗaya daga cikin cibiyoyin NHS Blood and Transplant, hukumar da ke kula da tara jini a Ingila. Aikinsu ya gamsar da ni, kuma akwai wani abu da suka yi daidai wanda ma'aikatu da yawa a ƙasar nan suka daɗe suna tuntuɓe a kansa.

A manhajarsu ta waya ake yin rajista a zaɓi rana da lokaci. Da ka isa za a miƙo maka kofin ruwa na rabin lita, a ce ka shanye, sannan ka cike takardar tambayoyin lafiya. Ma'aikaciya za ta shigar da kai wani ɗan lungu mai labule, ta tsaga kan yatsanka, ta ɗiga jinin cikin kwalba mai ruwa mai launi. Ku biyun za ku zuba wa ɗigon ido. In ya nutse da wuri, jininka ya isa a ɗiba. In ya tsaya yana lilo a sama, sai a sake aunawa da na'ura. Daga nan sai kujera mai kwanciya da baya, a ɗaure dantse, a sa allura. Mililita 470 ake ɗiba, cikin minti 5 zuwa 10, zaman gaba ɗaya kuma wajen awa guda. Ana gamawa a ba ka lemo da biskit, ba kuma za su sallame ka ba sai sun tabbata jiri bai ɗebe ka. Bayan 'yan kwanaki saƙo zai shigo wayarka da sunan asibitin da aka kai jininka. Wannan saƙon yana taɓa zuciyata ƙwarai.

Abin da ya fara kai ni wurin shi ne wata sanarwa tasu da ta ce ƙarara ana neman baƙar fata 'yan asalin Afirka da Karebiyan. Ba su ce BAME ba. Wanda bai zauna a nan ba, BAME taƙaitaccen suna ne na Turanci da ya tattara baƙar fata, 'yan Asiya da sauran ƙabilu marasa rinjaye a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Shekara da shekaru shi ake rubuta mana a takardun neman aiki da rahotannin ofis. A wani wurin da na taɓa aiki, an yi ta murnar cewa an cika adadin ma'aikatan BAME a manyan muƙamai, alhali babu baƙar fata ko ɗaya a cikinsu.

A harkar jini irin wannan lissafi ba ya aiki, domin rai ake magana. Bayan rukunan da kowa ya sani, A da B da AB da O, akwai wasu ƙananan alamomi a jikin ƙwayar jini. Wanda za a ƙara wa jini sau ɗaya bayan haɗari ba su cika damun sa ba. Mai sikila kuwa, wanda wani ana sauya masa jini duk bayan 'yan makonni, in ba a daidaita masa waɗannan alamomi ba, jikinsa yakan fara yaƙar jinin da ake ƙara masa, har samun wanda zai karɓe shi ya gagara. Nau'in da masu sikila da yawa ke buƙata shi ake kira Ro. Ya fi yawa a jikin baƙar fata ninki goma bisa na Turawa, amma kashi 2 cikin 100 kacal na masu ba da jini a Ingila ke da shi. A 2022 hukumar ta ce tana buƙatar gudummawa 250 kowace rana saboda masu sikila, alhali shekara biyar kafin nan 150 ne. To ka ga in aka ce ana neman BAME, ɗan Indiya da ɗan Sin suka cika layi, an gode musu, jininsu zai ceci wasu, amma yaron da ke jiran Ro yana nan yana jira.

Mu ba sai an yi mana bayanin sikila, wato amosanin jini, ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da shi a Najeriya duk shekara. 'Yar ƙanwata tana da shi. Na taɓa kwana a bakin gadonta tana riƙe da gwiwa tana kiran "Kawu, ƙafata", ba abin da zan iya yi mata sai shafa da addu'a.

Gwamnati ma ta juya wa sunan baya. A watan Maris na 2021 kwamitin da gwamnati ta kafa kan bambancin launin fata da ƙabila, ƙarƙashin Tony Sewell, ya ba da shawarar a daina amfani da BAME. Rahoton nasa ya sha suka a kan wasu batutuwa, ni ma ban yarda da yadda ya rage girman wariyar launin fata ba, amma a wannan gaɓa ya yi gaskiya. A Disambar shekarar BBC da ITV da Channel 4 da Channel 5 suka amince su kauce wa kalmar, a 2022 kuma gwamnati ta bi sahu. Ƙidayar 2021 ta nuna 'yan asalin Asiya kashi 9.3 ne na jama'ar Ingila da Wales, baƙar fata kashi 4. In aka gwamutsa su a lissafi guda, masu yawa ne za su rinjaye shi. Lokacin korona ma, rahoton hukumar lafiyar jama'a na Yunin 2020 ya gano 'yan asalin Bangaladesh na fuskantar haɗarin mutuwa kusan ninki biyu na Turawan Birtaniya. Sai da aka rarrabe ƙabilun aka gan shi.

Duk da haka akwai wani dattijo ɗan asalin Pakistan da muke salla tare, wanda ya ga zamanin da 'yan daba ke farautar baƙi a tituna a shekarun 1970. Ya ce da ni: "Ɗana, lokacin da ake jifan gidajenmu ba wanda ya tambaye mu ƙabila. Haɗuwarmu ƙarƙashin suna ɗaya ita ta sa aka saurare mu." Na ce: "Baba, haka ne." Ina girmama maganarsa har yanzu. Tsintsiya sai a ɗaure take shara, kuma ranar da za a fita neman haƙƙi muna buƙatar sunan da zai ɗaure mu. Matsalar tana farawa ne idan hukuma ta ɗauki sunan gwagwarmaya ta mai da shi ma'aunin raba magani, aiki da kasafi. Sababbin sunayen da ake kawowa, irin su "masu launi" na Amurka ko "masu rinjaye a duniya", ba su warware wannan ba, sun dai canza wa inuwar suna ne. Mu da muka san yadda Bafulatani ko Babarbare ko Bazazzagi ke ji idan aka dunƙule kowa da kowa aka ce Hausa-Fulani, bai kamata zancen ya zame mana baƙo ba.

"Baƙar fata" ma inuwa ce, ban musa ba. Ba kowane ɗan Afirka ke da Ro ba, akwai kuma Turawan da ke da shi. Abin da ya burge ni da cibiyar shi ne sunan ƙabila kiran mutane kawai yake yi zuwa ƙofa, hukunci kuma na ɗakin gwaji ne.

Ga abin da ya kamata ka sani kafin ka je. Mai AS yana iya bayarwa, ka dai sanar da su. Wanda ya girma a ƙasar zazzaɓin cizon sauro sai an yi wa jininsa ƙarin gwaji, in kuma ka dawo daga gida kwanan nan za a ce ka jira wasu watanni, don haka ka faɗi gaskiyar tafiye-tafiyenka tun a waya kada ka yi zuwan banza. Tsohuwar tambayar nan kan abokin zama da ya taɓa mu'amala a ƙasashen da cutar ƙanjamau ta yi yawa, wadda ta kori 'yan Afirka da dama, gwamnati ta sanar da cire ta a Oktoban 2021. Namiji na iya komawa bayan mako 12, mace bayan 16. Ka ci abinci sosai kafin ka tafi, kuma kada ka sa ranarka cikin azumi.