Hattara da masu ƙawata ofis da hoton aro

Jama'a, duk mai shirin gyara ofis ya karanta wannan kafin ya ba kowa kafin alƙalami. Mu dai an yi mana sakiyar da ba ruwa.

A Instagram muka ga kamfanin. Hotuna ne na ofisoshin alfarma: bango sanye da katako mai duhu irin na da, teburin marmara, fitilun tagulla, ga kuma gilashi da kujerun zamani. Irin haɗin da shugabanmu ya daɗe yana so ke nan. Suka karɓi kashi 70 na kuɗin aikin, wai za su yo odar kaya daga Italiya. Wata huɗu ba abin da muke ji sai "kaya na kan ruwa".

Da aka gama haɗawa, daga bakin ƙofa ba ka ce komai ba. Sai da hannu ya taɓa. Abin da aka rubuta mana marmarar Karara, wato fitacciyar marmarar Italiya, ashe tayil ne da aka buga wa zane. Jijiyoyin jikinsa suna ta maimaita kansu, alhali dutsen gaske ba a samun falle biyu iri ɗaya. Katakon bango kuwa MDF ne, garin katako da aka matse aka manna wa siririn ɓawo. Ranar da na'urar sanyaya ɗaki ta ɗiga ruwa, gindinsa ya kumbura. Hannayen ƙofa wai tagulla zalla ne. Wani abokin aikinmu ya kara maganaɗisu, ya manne ɗaram. Tagulla ba ta kama maganaɗisu, ƙarfe ne aka shafa wa ruwan gwal.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce kujerar da ake kira Barcelona, wadda Mies van der Rohe da Lilly Reich suka zana a 1929. Kamfanin Knoll ne ke ƙera ta asali, kuma akwai sa hannun Mies a jikin ƙarfenta. Tamu ba ko ɗigo, fatar ma roba ce, har ta fara saɓulewa. Kuɗin ta asali muka biya.

Daga baya na saka hotunan shafinsu a Google Lens, manhajar da ke gano asalin hoto. Wasu aikin wasu kamfanoni ne, sauran zanen kwamfuta. Aikin minti biyar, amma sai da kuɗi suka tafi dabarar ta zo mini.

In za ku ba da irin wannan kwangila, ku ce a kai ku ofis ɗaya da suka gama, ku taɓa bangon, ku tambayi masu wurin. A rubuta sunan kowane kaya da kamfanin da ya ƙera shi cikin yarjejeniya, a ajiye muku samfuri, a riƙa biya mataki-mataki. Wanda ya ce farashin zai tashi gobe in ba ku biya yau ba, ku bar shi ya tashi.

Namu sun kashe waya, sun canza sunan shafi, amma hotunan suna nan yadda suke.