Sharhi: wasan kamfanin jirgin sama da ya iya ƙirga mutane amma bai san abin da ke fitar da su ba

Wasan a burauza ake buga shi: a ba ka jari, ka zaɓi filin jirgin da zai zame maka gida, ka yi hayar jirage, ka shiga gogayya da 'yan wasa daga ko'ina a duniya. Kwanan baya masu shi suka sake fasalin lissafin fasinja da na kaya, kuma a kan wannan sauyin zan yi magana.

A da kowace hanya tana da adadin fasinjanta a ƙayyade, wanda ya riga zuba jirage shi ke kwashe ganima. Yanzu daga garuruwa lissafin ke tasowa: yawan jama'a, nauyin aljihunsu, da nisan da ke tsakani. Idan tafiyar gajera ce, kamar Kano zuwa Kaduna, yawancin mutane mota za su hau, sai ka ga kujeru wayam. Ragowar fasinjan kuma a raba su bisa kuɗin tikiti, yawan sawu, da lokacin tashi.

A nan wasan ya burge ni. Na ɗora Boeing 737-800 mai kujera 189 a kan Legas zuwa Abuja, sawu ɗaya da tsakar rana, na karya farashi. Wani abokin hamayya ya zo da ƙananan jirage, safe da yamma, tikitinsa ma ya fi nawa tsada, amma ya janye masu tafiyar aiki kaf. Gaskiya ce kuwa. Mai taro ƙarfe goma na safe ba ruwansa da arhar jirgin azahar. Haka ma masu yada zango, wato fasinjan da ke sauya jirgi a wani gari, ana lissafa su yadda ya kamata, har za ka gane yadda Adis Ababa ta zama mahaɗar Afirka duk da Legas ta fi ta jama'a nesa ba kusa ba.

Matsalar tana fitowa ne idan ka zaɓi Kano. Wasan yana kallon Kano zuwa Jidda kamar kowace hanya, adadi ɗaya daga farkon shekara har ƙarshenta. Babu jigilar maniyyata, babu cunkoson Umarar goman ƙarshe na Ramadan. Balle a yi zancen cewa lokacin Hajji yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, abin da ya kamata ya sa ɗan wasa ya riƙa sauya tsarin hayar jiragensa. Hutun bazarar Turai kuwa an saka shi tsaf.

Ɓangaren kaya ya fi rauni. An ɗauke shi tamkar fasinja, abin da ya je shi zai dawo. Ai kaya ba ya yankar tikitin dawowa. Furannin Kenya daga Nairobi suke tashi zuwa Amsterdam, wayoyi da kayan lantarki daga Sin suke fitowa, kuma ciwon kan mai jirgin dako shi ne abin da zai loda a komowa. Sannan tun da yawan jama'a ne ma'auni, garuruwa irin su Memphis ta Amurka, cibiyar kamfanin dakon kaya na FedEx, da Anchorage ta Alaska sun zama ƙananan kasuwanni a wasan, alhali suna sahun gaba a dakon kaya na duniya. Abu ɗaya da aka dace: kayan da ake cusawa a cikin jirgin fasinja suna ƙara riba a dogon zango, kuma nauyinsu yana rage nisan da jirgi zai iya ci.

Wasan bai cin data sosai, sai dai jadawalin sawu a waya wahala ne, gara kwamfuta. Mai son lissafin fasinja zai more shi. Mai niyyar kafa kamfanin dako zalla ya dakata tukuna. Ni dai na mayar da jiragen dakona ga masu ba da haya, na zuba kuɗin a hanyoyin Accra da Yamai.