Kafin ka biya kuɗin koyon babur, duba wa zai koya maka

Wanda ya iya keke yakan ɗauka babur keke ne da aka sa wa inji. Ranar farko ce ke ƙaryata shi, sa'ad da ya saki kulochi da gaggawa injin ya mutu, ko babur ɗin ya zabura ya bar shi a ƙasa. Shi ya sa nake ba sabon shiga shawarar ya zaɓi malami tukuna, sayen babur ya biyo baya.

Mafi arha dai shi ne aboki ko ɗan'uwa ya koya maka. Sai dai iya tuƙi daban, iya koyarwa daban. Abin da hannunsa ya saba yi, bakinsa ba lallai ya iya bayyanawa ba, sai ya yi ta ce maka "saki a hankali" har ku gaji da juna. Abin da ya fi damuna shi ne za ka gaji miyagun ɗabi'unsa, musamman tsoron birkin gaba, alhali shi ne ke ɗauke da mafi yawan ƙarfin tsayar da babur. Ga kuma kunya idan ka kayar masa da abin hawa.

Kwas na rukuni a fili killatacce shi na fi yarda da shi. Makarantar ce ke ba da babur, yawanci ƙarami mai girman inji cc 125 zuwa 250, marar nauyi, wanda faɗuwa ba baƙuwarsa ba ce. Ana bi da kai daki-daki: gano gurbin da kulochi ke fara kamawa, shiga giya ta ɗaya ta hanyar taka ƙasa sauran kuma a ɗaga sama, shan kwana kana kallon inda kake son zuwa, da tsayawar gaggawa da birki biyu. A Amurka, kwas ɗin farko na MSF, ƙungiyar da ke koyar da tuƙin babur cikin aminci, yakan haɗa karatu da kusan awa 10 a kan babur, kuma a jihohi da dama wanda ya ci shi ba ya sake gwajin tuƙi wajen neman lasisi. A Birtaniya kuwa horon CBT, wato horon farko na masu koyon babur, wajibi ne, yawanci yini guda, takardarsa tana aiki shekara 2. Don haka tambayi makarantar ko hukumar lasisi ta san da takardarta, kuma awa nawa za ka yi a kan sirdi, ban da zaman aji. Tambayi yawan ɗalibai ga malami ɗaya. Idan kun yi yawa, rabin yininka a layi zai ƙare.

Malami na kai kaɗai ya fi tsada, amma ya dace da wanda idon mutane ke ruɗa shi, ko wanda bai taɓa hawa keke ba. Irin wannan ma gara ya fara da keken na 'yan kwanaki.

Akwai kuma batun babur mai giya ko marar giya. Marar giya ya fi sauƙin kamawa, amma a wasu ƙasashe wanda ya yi gwaji da shi lasisinsa a kan marar giya kawai yake tsayawa. In kana da niyyar hawa mai giya wata rana, koya da shi tun yanzu.

Ko wanne ka zaɓa, tambayi abin da kuɗin ya ƙunsa: hular kwano, safar hannu, sake gwaji idan ba ka ci ba, da wanda zai biya idan madubi ya fashe. Hular aro ta wadatar a ranar farko muddin ta kama kanka sosai ba ta lilo. Dogon wando mai kauri da takalmi mai rufe idon sawu kuwa kai za ka je da abinka.